Tseren Yawo da Binnewa: Yadda Ƙwayoyin Ƙarfe ke Tsirowa a Cikin Siririn Shafen Kabon

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake gina siririn shafen kabon mai ɗauke da ƙwayoyin ƙarfe waɗanda girmansu bai wuce 'yan nanomita ba, musamman ta hanyar ɓantarar faifai da filazma. Hujjar da take son kafawa ita ce kason ƙarfen da ke cikin shafe, wanda shi ne adadin da aka fi kawowa a rahotanni, bai isa ya bayyana halin shafen ba. Abubuwa biyu ne ke yanke hukunci: ko ƙarfen yana ƙulla alaƙa da kabon, da kuma nisan da atam ɗinsa ke iya yi a saman shafe kafin sabon kabon ya binne shi. An kawo misalin taitaniyam da tangistin, da na nikel da kobalt, sannan aka daɗe a kan azurfa, wadda ba ta zama inda aka ajiye ta.

1.0 Gabatarwa

Zan fara da ɗan tarihi, domin shi ne zai nuna dalilin da ya sa aka shigar da ƙarfe cikin wannan sana'a tun farko.

A shekarar 1953 Heinz Schmellenmeier a Jamus ya ba da rahoton wani baƙin shafe mai tauri da ya samu daga iskar asetilin bayan ya ratsa ta da wutar lantarki. Aikin bai ja hankali sosai ba sai a 1971, lokacin da Aisenberg da Chabot a Amurka suka harba ayon ɗin kabon a kan faranti, suka samu shafe mai kama da daimon a tauri da ƙin wucewar lantarki. Daga nan aka san wannan dangi da sunan kabon mai kama da daimon. Atam ɗinsa ba su jeru cikin tsari irin na daimon ko na girafayit ba. Cakuɗe ne na ɗauri iri biyu: ɗaurin sp3 mai hannu huɗu, irin na daimon, da ɗaurin sp2 mai hannu uku, irin na girafayit, wani lokaci tare da haidurojin mai yawa. Inda sp3 ya kai kashi 80 cikin 100 ko fiye, taurin shafe kan kai gigafaskal 80, alhali na daimon kansa kusan 100 ne.

Sai dai taurin yana zuwa da farashinsa. Bayanin da Lifshitz da abokansa suka kawo a ƙarshen shekarun 1980, wanda John Robertson na Jami'ar Kambirij ya faɗaɗa, shi ne ɗaurin sp3 yana samuwa ne idan ayon ɗin kabon mai ƙarfin kusan eV 100 ya huda saman shafe ya cusa kansa a ƙasa, inda wuri ya riga ya cika. Cunkoson da ke haifar da tauri shi ne kuma ke haifar da matsi na ciki, wanda kan kai gigafaskal 10. Duk wanda ya taɓa fitar da irin wannan shafe daga tukunya ya san abin da ke biyo baya. Farantin silikon zai fito sumul yana ƙyalli, a ajiye shi a kan tebur, kafin a gama rubuta lambarsa sai a ga gefensa ya fara yin fari-fari. A ƙarƙashin madubin ƙara girma za a ga shafen ya ɗago daga faranti yana tafiya kwane-kwane daga baki zuwa tsakiya, daga baya ya tarwatse ya zama ƙura. Shi ya sa sau da yawa ba a iya wuce kaurin nanomita ɗari ko ɗari biyu ba tare da wata dabara ba.

Dabarar da Dimigen da Hübsch suka fito da ita a ɗakin binciken kamfanin Philips da ke Hamburg a farkon shekarun 1980 ita ce sanya ƙarfe a cikin shafen. Matsi ya ragu, riƙo ya ƙaru, shafe ya fara wuce lantarki. Zuriyar wannan aiki ce shafen tangistin da kabon da ake yi wa haƙoran giya da boris da sassan famfon man dizal a yau. Daga baya hankali ya koma kan ƙwayoyin ƙarfen su kansu, domin an gano suna ba shafe halayen da babu su a kabon zalla ko a ƙarfe zalla: launi, maganaɗisu, kashe ƙwayoyin cuta, da jin motsi.

2.0 Yadda ake gina shafen

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta maganatiron. Ana zuƙe iskar tukunya, a saki iskar agon kaɗan, tsakanin faskal 0.1 zuwa 1, sannan a ba faifan ƙarfe cajin negatif na volt ɗari uku zuwa ɗari shida ko makamancin haka. Maganaɗisun da ke bayan faifai yana tsare ilektaron a kusa da shi, filazma ta kama a zobe, ayon ɗin agon su riƙa dukan faifai suna ɓantaro atam ɗinsa, waɗanda ke tashi su sauka a kan farantin da ake son shafewa. Kabon yana shigowa ta ɗayan hanya biyu. Ko dai a kafa faifan girafayit na biyu a gefe, ko a saki iskar asetilin ko metan cikin tukunya filazma ta farfasa ta. Hanya ta farko tana ba da shafe mara haidurojin, ta biyu kuma mai haidurojin.

Kowace hanya da ciwon kanta. Ayon ɗin agon ɗaya mai ƙarfin eV 500 yana ɓantaro atam ɗin azurfa kusan 3, amma na kabon 0.1 da 'yar ɗoriya kawai. Ke nan idan aka ba faifan biyu wuta daidai, azurfa za ta ninka kabon fiye da sau ashirin, kuma mai son shafe mai azurfa kashi 5 cikin 100 dole ya rage wutar faifan azurfa har filazmarsa ta kusa mutuwa. Wasu sukan kauce wa wannan ta hanyar dasa 'yan guntayen azurfa a jikin faifan girafayit, sai dai kason yakan sauya yayin da faifai ke cinyewa. A hanyar asetilin kuwa, kabon yana sauka a kan faifan ƙarfen kansa ya rufe shi. Idan iskar ta wuce wani mizani, ƙarfen da ke fitowa ya faɗi warwas, kuma rage iskar ba ya mayar da lamarin nan take ta hanyar da ya zo. Sören Berg na Jami'ar Uppsala a Suwidin ya tsara lissafin irin wannan hali a 1987. Mai aiki yakan gane shi tun kafin ya duba lissafi, domin volt ɗin faifai zai sauya, launin filazma ma ya sauya.

Akwai sauran hanyoyi da ba zan daɗe a kansu ba. Ana amfani da tartsatsin wuta mai ƙarfi a kan girafayit tare da lanƙwasasshen bututun maganaɗisu mai tace ɓarɓashi, dabarar da Aksenov da abokansa suka ƙirƙiro a Kharkov a ƙarshen shekarun 1970. Ana amfani da hasken leza mai bugu-bugu. Akwai maganatiron mai bugun wuta mai tsanani, wanda Kouznetsov da abokansa suka bayyana a 1999, wanda ke mayar da yawancin atam ɗin ƙarfe ayon, ko da yake kabon yana yi masa taurin kai saboda sai da eV 11.3 ake fizge masa ilektaron, alhali taitaniyam 6.8 kawai yake buƙata. Hanya ɗaya ce ta bambanta da sauran a asali, wato wadda Haberland ya ɓullo da ita a Freiburg a farkon shekarun 1990, inda ake haɗa ƙwayoyin ƙarfen a wata tukunya daban mai sanyi da matsin iska mafi yawa, su fito a shirye ta ƙaramar kafa, sannan a binne su da kabon. A nan ne kaɗai mai aiki ke zaɓen girman ƙwaya daban, yawanta daban. A duk sauran hanyoyin, ba wanda ke zuba ƙwaya a cikin shafe. Atam ɗai-ɗai suke sauka, su nemi juna da kansu.

3.0 Tseren

A nan gizo ke saƙa. A ɗauka shafe yana ƙaruwa da nanomita 6 a minti ɗaya, wato 0.1 a daƙiƙa. Kaurin layi ɗaya na atam kusan nanomita 0.2 ne. Ke nan atam ɗin ƙarfen da ya sauka yanzu yana da kimanin daƙiƙa biyu ya yi yawo a sama kafin sabon layi ya rufe shi. Idan cikin wannan lokaci ya haɗu da 'yan'uwansa, ƙwaya ta fara. Idan bai haɗu ba, an binne shi shi kaɗai, kuma motsi a cikin shafe ya fi motsi a samansa wuya nesa ba kusa ba. Nisan yawon ya dogara da saiwar ninkin lokaci da saurin yaɗuwa, saurin yaɗuwa kuma yana hauhawa sosai da zafi. Don haka zafin faranti, da saurin zubowar atam, da ƙarfin ayon da ke dukan shafe, duk igiya ɗaya suke ja. Ƙarin zafi yana ba da ƙwayoyi manya masu nisa da juna. Ƙarin sauri yana ba da ƙanana masu kusanci. Dukan ayon yana da fuska biyu: kaɗan daga cikinsa yana tura atam su yi yawo, mai yawa kuma yana farfasa ƙwayoyin da suka fara haɗuwa, har ma ya sake ɓantare ƙarfen daga shafen, musamman azurfa da jan ƙarfe.

Bari mu ga abin da wannan ke nufi da lissafi mai sauƙi. A ɗauki shafe biyu, kowanne ƙarfe ya ci kashi 10 cikin 100 na cikinsa. A na farko faɗin ƙwaya nanomita 2 ne, a na biyu nanomita 10. Idan aka ɗauka ƙwayoyin mulmulallu ne kuma sun jeru daidai, tazarar kabon tsakanin ƙwaya da ƙwaya a na farko kusan nanomita 1.5 ce, a na biyu kuma kusan 7.4. Yawan ƙwayoyin na farko ya ninka na biyu sau 125, faɗin fuskar da ƙarfe ke taɓa kabon kuma ya ninka sau 5. Ƙwayar azurfa mai nanomita 2 tana da atam kusan 250, fiye da rabinsu a fatarta suke, ita kuwa mai nanomita 10 tana da kusan 30,000. Ilektaron yana iya tsallake tazarar nanomita ɗaya ko biyu ta hanyar ratse irin na kwantam, amma damar hakan tana zubewa da sauri ƙwarai da zarar tazara ta ƙaru. Saboda haka shafen farko zai wuce lantarki ta tsalle daga ƙwaya zuwa ƙwaya, na biyu kuma sai abin da kabon ɗin ya yarda ya wuce. A teburin rahoto duka biyun lamba ɗaya za a rubuta musu. Kamar a ce alewar gyaɗa biyu ɗaya ce don an auna musu gyaɗa daidai, alhali a ɗaya an daka ta, a ɗaya an bar ta guda-guda.

Wani tarko kuma shi ne bambancin kason atam da kason ciki. Atam ɗin azurfa ya fi na kabon cin wuri: mol ɗaya na azurfa yana cin santimita kubik 10.3, na kabon mai nauyin giram 2 a santimita kubik kuma 6 kawai. Azurfa kashi 10 a ƙidayar atam tana nufin kusan kashi 16 na cikin shafe. Ka'idojin haske irin ta Maxwell Garnett ta 1904, da na iyakar da ƙwayoyi ke fara taɓa juna su zama hanya ɗaya, duk da kason ciki suke aiki. An sha ganin an saka wancan a gurbin wannan.

4.0 Halin ƙarafa

4.1 Masu riƙe kabon

Taitaniyam, tangistin, kuromiyam, niyobiyam da makamantansu suna haɗuwa da kabon su zama kabayid mai ƙarfi. Atam ɗinsu bai cika yin nisa ba kafin kabon ya kama shi, don haka ƙwayoyin da ke fitowa na kabayid ne, 'yan nanomita kaɗan, kowace lulluɓe da siririn kabon. Ayyukan Voevodin da Zabinski a ɗakin binciken sojojin saman Amurka da ke Wright-Patterson, da na Pei da De Hosson a Groningen ta ƙasar Holan, sun nuna cewa kaurin wannan kabon na tsakani shi ne ke raba shafe mai tauri da shafe mai santsi da juriyar tsagewa. Wannan ɓangare ya zauna da gindinsa a masana'antu, ba ni da abin ƙarawa sai gargaɗi ɗaya. A matsin faskal 0.0001, iskar da ta yi saura a tukunya ta isa ta rufe faranti da layi ɗaya cikin kimanin daƙiƙa guda. Taitaniyam kuwa mayen oksijin ne. Wanda bai zuƙe tukunyarsa da kyau ba yana iya kiran shafensa kabayid alhali wani kaso nasa tsatsa ce.

4.2 Masu riƙo su saki

Nikel, kobalt da baƙin ƙarfe suna tsaka-tsaki. Suna yin kabayid, amma mara ƙarfi, wanda ke wargajewa da zafi, na nikel da na kobalt a digiri 300 zuwa 400 ko sama kaɗan. Idan ya wargaje, ƙarfen yana tofar da kabon ɗin da ya haɗiya, kabon kuma ya fito a jere, layi-layi irin na girafayit, ya naɗe ƙwayar. Abin lura shi ne kabon zalla ba ya zama girafayit sai a zafin da ya haura digiri 2,000, amma a gefen nikel yana yi a 'yan ɗaruruwa. A 1996 Hayashi da abokansa a Japan suka wallafa a mujallar Nature aikinsu kan ƙwayoyin kobalt lulluɓe da irin wannan kabon, da nufin ajiyar bayanai ta maganaɗisu: lulluɓin yana hana tsatsa, yana kuma raba ƙwaya da ƙwaya don kada maganaɗisun ɗaya ya juya na ɗaya. Aikin Abrasonis da abokansa a Rossendorf kusa da Dresden ya nuna yadda zafin faranti kaɗai ke mayar da ƙwayoyin nikel daga mulmulallu zuwa dogayen ginshiƙai da ke tsaye a cikin shafe.

Amfanin da ya fi burge ni a nan shi ne na ma'aunin miƙewa. Ma'aunin ƙarfe na yau da kullum, wanda ke cikin sikeli da na'urar auna matsi, lambar jinsa kusan 2 ce, wato turjiyarsa ga lantarki tana sauyawa ninki biyu na miƙewarsa. Rukunin Günter Schultes a Saarbrücken ya samu kusan ninki goma na wannan da shafen nikel da kabon. Dalili shi ne ɗan miƙewa kaɗan yana buɗa tazarar da ilektaron ke tsallakewa. Kuma da yake turjiyar ƙarfe tana ƙaruwa da zafi, ta tsallake kuma tana raguwa, akwai mahaɗar da biyun ke soke juna, ma'auni ya daina damuwa da zafin rana. Ba a kaiwa ga wannan mahaɗa da kason nikel kaɗai. Sai an daidaita zafin gini.

4.3 Azurfa da 'yan'uwanta

Azurfa, zinariya da jan ƙarfe ba su da wata alaƙa mai ƙarfi da kabon. Atam ɗinsu ya fi son ɗan'uwansa a kan komai, kuma suna narkewa a zafi mai sauƙi idan aka gwada da tangistin: azurfa a digiri 962, zinariya a 1,064, jan ƙarfe a 1,085, tangistin kuwa sai 3,422. Wannan yana nuna atam ɗinsu yana da sauƙin motsi ko a zafin ɗaki. Sakamakon shi ne ƙwayoyin ƙarfe zalla, waɗanda girmansu ya bambanta ƙwarai a cikin shafe guda. Suna rage matsi domin ƙarfe mai laushi yana ba kabon wurin sakewa, amma suna rage tauri, suna kuma karkata kabon ɗin da ke kewaye da su zuwa ɗaurin sp2.

Abu biyu ke jan mutane gare su. Na farko haske ne. Ilektaron ɗin ƙaramar ƙwayar ƙarfe suna kaɗawa tare idan haske mai wani tsawon zango ya same su, su shanye shi. Michael Faraday ya yi nazarin jan ruwan zinariya a 1857, Gustav Mie ya ba da lissafinsa a 1908, amma maƙeran gilashin Rum sun riga su aiki da shi, kamar yadda kofin Lycurgus na ƙarni na 4 da ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan ya shaida: kore ne idan haske ya faɗo masa, ja idan haske ya ratsa shi. A cikin ruwa, ƙwayar azurfa tana shan haske a kusan nanomita 400, ta zinariya a kusan 520. A cikin kabon, wanda ke karkata haske fiye da ruwa, wurin shan yana matsawa zuwa zango mafi tsawo, kuma yana bajewa domin kabon ɗin kansa yana shan haske. Ƙanƙantar ƙwaya ma tana baje shi, domin ilektaron a azurfa yakan yi tafiyar kusan nanomita 50 kafin ya yi karo, a ƙwaya mai nanomita 3 kuwa bango yake ta bugawa. Rukunin Meškinis da Tamulevičius a Jami'ar Fasaha ta Kaunas a Lituweniya ya yi aiki mai yawa kan wannan ta hanyar faifan azurfa da asetilin. Na biyu kashe ƙwayoyin cuta ne: ayon ɗin azurfa da ke tsiyayowa daga shafe yana hana su zama a kan kayan tiyata da abin da ake dasawa a jiki.

Amma tsugune ba ta ƙare ba a ranar da aka kashe filazma. Manninen, Carvalho, Cavaleiro da abokansu a jami'o'in Minho da Coimbra a Fotugal sun nuna cewa azurfa tana fitowa saman shafe da kanta, a zafin ɗaki, cikin makonni da watanni, kuma laimar iska tana hanzarta fitowar. Shafen da ya fito sumul a yau, bayan wani lokaci sai a ga tarin azurfa ya tsiro a samansa, layin da ke ƙasa kuma ya rage ƙarfe. Hanyar fitar ita ce ramukan da ke tsakanin ginshiƙan shafe mara cunkoso, shi ya sa shafen da aka daka da ayon da kyau ya fi riƙe azurfarsa. Ga mai neman kashe ƙwayoyin cuta wannan na iya zama alheri a kwanakin farko, daga baya ya zama sharri: azurfa ta fito da yawa lokaci guda har ta cutar da ƙwayoyin jikin mutum, sannan ta ƙare. Ga mai neman launi ko ma'auni kuwa asara ce zalla, domin na'urar da aka daidaita a watan Janairu ba ita ce za a tarar a watan Yuni ba. A ra'ayina, duk rahoton shafen azurfa da kabon da bai faɗi kwanakin da shafen ya yi kafin a auna shi ba, rabin rahoto ne.

5.0 Inda awo ke yaudara

Kowace na'urar awo tana da makantarta. Hasken ekis-re yana ba da girman ƙwaya ta lissafin Scherrer na 1918, amma idan ƙwaya ta gaza nanomita 2 alamarta tana bajewa ta ɓace cikin hayaniya, mai aiki ya ce babu ƙwaya alhali suna nan. Madubin ilektaron yana nuna ƙwaya ido da ido, sai dai yana ɗora na gaba a kan na baya a hoto ɗaya, kuma zafin ilektaron ɗin kansa yana iya haɗe ƙananan ƙwayoyin azurfa ana cikin kallo. Awon ilektaron da ekis-re ke fizgowa daga fuska yana raba kabon ɗin girafayit, a kusan eV 284.5, da na kabayid ɗin taitaniyam, a kusan 282, amma bai ganin abin da ya wuce nanomita 10 na sama. Idan azurfa ta taru a sama, zai ba da kaso fiye da na gaskiya. Idan kuma aka kankare saman da ayon ɗin agon don a leƙa ciki, kankarar tana kwashe wani atam fiye da wani, tana ma iya ƙirƙirar kabayid ɗin da babu shi a da, abin da Lewin da Jansson na Uppsala suka ja hankali a kansa. Awon Raman, wanda Ferrari da Robertson suka tsara fassararsa a 2000 bisa ƙololuwa biyu a kusan 1,350 da 1,580, an gina shi ne a kan kabon mara ƙarfe. Ƙwayar azurfa tana ƙara ƙarfin siginar kabon ɗin da ke manne da ita, don haka abin da ake karantawa na iya zama halin maƙwabcin ƙwaya, a ɗauka na shafe duka ne.

Maganin ba wani sirri ba ne: kada a dogara da na'ura ɗaya. Warwatsuwar ekis-re a ƙaramar kusurwa tana ba da matsakaicin girma da tazara a fili mai faɗi. Harbin ayon ɗin hiliyam da ƙidayar waɗanda suka dawo yana ba da kason ƙarfe daga sama har ƙasa ba tare da kankara ba, kuma akwai na'urar hanzarta ayon mai megavolt 1.7 a Cibiyar Bincike da Bunƙasa Makamashi ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, wadda ake irin wannan awo da ita.

6.0 Ga mai son farawa a nan gida

Ƙaramin maganatiron ɗaya, faifan azurfa ko jan ƙarfe, agon da asetilin sun isa a fara. Gargaɗi biyu ne dole. Asetilin ɗin masu walda, wanda ake samu daga jiƙa kabayid da ruwa, yana ɗauke da fosfin da iskar ƙibiritu, ƙibiritu kuwa shi ne ke baƙanta azurfa, don haka sai an nemi tatacce. Kuma kada a taɓa jan asetilin ta bututun jan ƙarfe ko haɗin da aka liƙa da azurfa, domin a ƙarƙashin matsi da laima suna haɗuwa su zama sinadari mai fashewa. Bututun ƙarfe mara tsatsa ake amfani da shi.

Ba za mu yi gasar tauri da ɗakunan binciken da suka shekara arba'in a kan tangistin ba. Inda muke da abin bayarwa shi ne tambayar tsufan shafe. A Kano ko Zariya ko Maraɗi, laimar iska tana faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100 a tsakiyar hunturu, ta haura 70 a watan Agusta, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40. Santsin shafen kabon ma da laima yake tafiya: Erdemir da abokansa a Argonne sun samu ma'aunin guga har 0.001 da shafe mai haidurojin a busasshiyar iskar naitirojin, amma wannan santsi yana gushewa idan laima ta shigo, shi kuwa shafe mara haidurojin laimar yake so. Farantin da aka raba gida uku, ɗaya a kwalba mai busarwa, ɗaya a ɗaki, ɗaya a inuwar waje, ana auna shan haskensa da turjiyarsa duk wata har shekara ta zagayo, ba ya buƙatar fiye da ma'aunin haske da ma'aunin lantarki mai ƙafa huɗu, waɗanda sassan kimiyyar lissafi da yawa suke da su.

Roƙona ga masu gabatar da sakamako da masu tace maƙalu shi ne, tare da kason ƙarfe a riƙa neman zafin faranti, saurin gini, cajin da aka ba faranti, matsin tukunya kafin a saki agon, girman ƙwaya da tazararta da na'urar da ta auna su, da kuma ranar gini da ranar awo. Maƙalar da ta zo ba tare da waɗannan ba, a mayar wa mai ita ya cika.